Ranar da na yanke wa Zaki hukunci babu shaida

Ranar Litinin da safe na nemi takalmina na zuwa aiki, na tarar da ƙafar dama a bakin ƙofa, ta hagu kuwa ta yi ɓatan dabo. Ina ɗaga kai sai ga Zaki, karen da ke mana gadi, kwance a inuwa yana hamma kamar ba abin da ya faru.

Na daka masa tsawa. Nan take ya kwantar da kunnuwa, ya cusa bindi tsakanin ƙafafu, ya ɗaga girar nan tasa yana kallona ta ƙasan ido. Na ce shi ke nan, ya amsa laifi da kansa. Na tsaya da takalmi ɗaya a hannu na yi masa wa'azin minti goma kan cin amana, har da lissafa masa ɗawainiyar da nake yi da shi. Sai ya miƙe ya ruga bayan tankin ruwa yana haushi, ya dawo, ya sake komawa. Wato ga sata ga raini. Na ɗaure shi wuni guda.

Da yamma ƙanena da ke karatun likitan dabbobi ya zo, na ba shi labari ina ta cika baki. Sai da ya gama dariyarsa ya ce, "Yaya, wannan fuskar ba ta laifi ba ce, ta lallashi ce." Wai a 2009 wata mai bincike a Amurka, Alexandra Horowitz, ta gwada karnuka 14: an hana su cin wani abu, aka kuma ruɗe masu su game da wanda ya ci da wanda bai ci ba. Duk karen da aka yi wa faɗa sai ya marairaice, kuma waɗanda ba su taɓa komai ba sun ma fi marairaicewa.

Na ce to ina takalmina? Ya kwance Zaki, muka bi shi. Ga shi nan bayan tanki, ko tabon haƙori babu. A lokacin ne na tuna cewa cikin dare, da magagin barci, ni da hannuna na jefi ɓera da shi. Dabbar da hancinta ke da ƙwayoyin shinshina har miliyan 300, nawa kuwa kusan miliyan 6, tun safe take nuna mini wurin ina cewa raini ne.

Na tsugunna gabansa ina ba shi haƙuri. Ya kau da kai, ya wuce wurin ƙanena yana kaɗa bindi. Uwargida da ke tsaye a ƙofa ta ce, "Maigida, ɗan ƙara ɗaga girar, ba ka kai shi iyawa ba."