Ba duk ruɗewar tsoho ce gigin tsufa ba

A gidajen Sakkwato da suka karɓi 'yan'uwa masu gudun hijira daga hare-haren 'yan bindiga a Isa, Sabon Birni, Rabah da Goronyo, akwai majinyacin da ba kasafai ake kai shi asibiti ba. Dattijo ne da ya daina barci. Da rana yana zaune shiru a zaure, abinci sai an matsa masa. Bayan isha'i, babura biyu ko uku su wuce a jere, sai ya zabura yana laluben takalmi yana kiran jikoki su fito. Iyali su ce Baba ya fara ruɗewa, tsufa ne. Sau da yawa ba tsufa ba ne, ciwon firgici ne da ke biyo bayan mummunan tashin hankali, kuma yana da magani.

Likitocin ƙwaƙwalwa suna duba abu uku. Abin da ya faru yana dawo wa mutum a mafarki ko ido biyu, kamar yanzu ake yinsa. Yana gudun duk abin da zai tuna masa, ko hanya ce, ko kasuwa, ko zancen. Sannan jikinsa kullum a ɗar-ɗar yake, ga razana, ga saurin fushi. A makonnin farko mutane da yawa sukan ji haka, kuma yawancin mutane suna warwarewa da kansu. Idan abin ya haura wata guda yana hana barci, ibada da mu'amala, ya zama ciwo.

Ra'ayinmu shi ne, abin da ke raba tsohon da ya warware da wanda ciwon ya zaune masa ya fi rataya a kan abin da ya biyo bayan harin, ba munin harin kaɗai ba. Wannan ɓangaren kuwa yana hannunmu.

Da farko, haɗarin bai wuce ba. Zuciya ba ta sakewa alhali ana bugo waya ana cinikin kuɗin fansar ɗa, ko garinsu na tara harajin da 'yan bindiga suka ɗora kafin a shiga gona. A watan Agustan 2024, lokacin da Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun masu garkuwa bayan bidiyonsa ya zagaya wayoyi, dattawan gabashin jihar sun ga ko rawani bai zama kariya ba. Matasan da ke miƙa wa tsoho waya ya kalli irin waɗannan hotuna su daina, fami kawai suke yi masa.

Abin da ya fi cin dattijo, kuma aka fi yin biris da shi, shi ne zubewar girma. Mutumin da ya shekara hamsin yana riƙe da rumbu, shi ke raba hatsi, shi ke karɓar sadaki, a ƙofarsa ake sulhu, yau ga shi a ɗakin aro yana jiran suruki ya aiko da koko. Saurayi zai iya kama acaba ko dako ya sake gini. Ɗan shekara saba'in ya san shanun da aka kora ba za su dawo a sauran kwanansa ba. Haka tsohuwar da ke wankan jego da karɓar haihuwa a ƙauyensu, a birni babu mai neman shawararta. Bincike a ƙasashe da dama ya nuna rashin mataimaka da kaɗaici bayan masifa na cikin manyan abubuwan da ke zaunar da wannan ciwo. Masu rabon tallafi suna ƙirga buhu da tabarma, su wuce. A mayar wa tsoho da wani aiki na gaske: kula da akuya biyu, biya wa yara karatun allo, raka jikoki masallaci, a kuma riƙa tuntuɓarsa kafin a yanke shawarar gida. A nemo masa sa'o'insa 'yan garinsu su riƙa zama tare.

Jiki ma yana da nasa kaso. Hawan jini, ciwon suga, ciwon gaɓoɓi da yawan fitsarin dare suna katse barci, rashin barci kuma yana tsananta firgici. Wanda jinsa ya ragu ko yanar ido ta rufe masa gani ba ya sanin mai tahowa sai an taɓa shi, don haka razanarsa ta fi yawa. Tsohon miki ma yakan tashi. Wanda ya yi yaƙin basasa tsakanin 1967 da 1970, ko ya rasa gida a ambaliyar 2010, sabon hari ko rasuwar matarsa na iya farfaɗo da abin da ya kwanta shekaru.

Sai batun shiru. Dattijo ba zai ce yana jin tsoro a gaban 'ya'yansa ba. Zai ce kansa na sarawa, ƙirjinsa na bugawa, jikinsa duk ya mutu. Mu kuma mu ce masa ya yi haƙuri, ya yi tawakkali. Haƙuri da addu'a suna ƙarfafa zuciya, babu ja. Amma idan aka nuna masa mafarkinsa alamar raunin imani ce, an ƙara masa kunya a kan ciwo, ba zai sake buɗe baki ba. Mai ciwon suga yana addu'a yana shan magani, wannan ma haka ya kamata.

Iyali na iya rarrabewa. Gigin tsufa a hankali yake shiga, cikin watanni da shekaru, mutum ya manta ya ci abinci, ya ɓace a unguwarsu. Firgici yana da ranar farawa, kuma mai shi yana tuna abin da ya faru fiye da yadda yake so. Ruɗewar da ta faɗo cikin kwana ɗaya ko biyu, musamman da zazzaɓi ko sauyin fitsari, wannan ta gaggawa ce, a kai shi asibiti a ranar.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne kemis. Ana sayo wa tsoho diazepam don ya samu barci. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2013 ta yi gargaɗi a kan ba da irin wannan ƙwaya ga wanda ya fito daga tashin hankali. Ba ta warkar da firgici, jiki na sabawa da ita har a kasa bari, ga tsoho kuma tana kawo jiri, ya faɗi a banɗaki ya karya ƙugu. Amitriptyline, maganin ciwon damuwa da ake yawan bayarwa don arha, na iya riƙe wa dattijo fitsari ta ƙara masa ruɗewa. Idan likita ya ga buƙatar magani, irin su sertraline ake farawa da su, a kan miligiram 25 ga tsofaffi, a ɗaga a hankali, kuma sai an yi mako huɗu zuwa shida ake ganin tasiri. Da yawa suna yarwa a mako na biyu su ce ba ya aiki. Maganin da ya fi inganci zama ne da ƙwararre, galibi sau takwas zuwa goma sha biyu, a bi labarin daki-daki har tsoron ya ragu. Wannan dabam yake da tsare tsoho a gaban baƙi a ce ya ba da labari.

Akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Kware, akwai asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Amma tsoho daga Isa ba zai kai kansa Kware ba, ga kuɗin mota, ga tsoron a ce ya haukace. Inda yake zuwa shi ne asibitin sha-ka-tafi, don awon hawan jini. Ya kamata gwamnatin jiha ta horar da ma'aikatan nan su ƙara tambaya uku a kan awon: yaya barci, kana mafarkin abin da ya faru, akwai inda ka daina zuwa saboda shi. Duk wanda ya amsa da e, ko ya ce gara ya mutu ya huta, a rubuta masa takardar zuwa wurin ƙwararre, a kira ɗaya daga 'ya'yansa a yi masa bayani, a sa ranar dawowa nan da mako biyu.