Aikin sa-kai a ƙasar waje: kyakkyawar niyya kaɗai ba ta isa ba

Mutane da yawa suna ɗauka cewa duk mai tausayi da son taimako zai iya samun gurbin aikin raya al'umma a ƙasar waje, muddin ya nuna sha'awa. Ba haka lamarin yake ba. Ƙungiyoyi irin su VSO mai tura masu aikin sa-kai ƙasashen waje, wadda aka kafa a Birtaniya a 1958, da UNV, shirin masu aikin sa-kai na Majalisar Ɗinkin Duniya mai hedkwata a birnin Bon na Jamus, suna tallata gurabensu ne kamar kowane aiki, domin hukumar da za ta karɓi baƙon ita ce take faɗin ƙwarewar da ta rasa, ko ungozoma ce, ko mai horar da malamai, ko injiniyan ruwa. Saboda haka takardar da ta cika da zancen ƙaunar jama'a, ba tare da bayanin abin da mai ita ya taɓa yi da hannunsa ba, da wuya ta kai matakin ganawa.

Ko bayan an ɗauki mutum da sauran rina a kaba, domin akwai gwajin lafiya da biza da allurai. Katin rigakafin cutar shawara, alal misali, ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, don haka wanda ya bari sai jajibirin tafiya zai iya maƙalewa a filin jirgi. Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ba ta karɓar ko sisi daga mai neman gurbi. Duk wanda ya nemi kuɗin fom da sunanta ɗan damfara ne.