An Sayar Mana da Injin CNC, An Bar Mu da Wahalar Manhaja

Masu sayar da ƙananan injinan sassaƙa na CNC, wato waɗanda kwamfuta ke sarrafawa, musamman samfurin 3018 da ake shigowa da shi daga Sin, suna tallata shi tamkar abin da mutum zai ɗaure yau ya fara aiki gobe, kuma wannan yaudara ta ishe ni. Na sayi nawa ne domin in riƙa sassaƙa sunaye a jikin katako a lokacin hutu. Abin da ya iso hannuna kwali ne cike da sandunan alminiyom da noti da ƙananan motocin lantarki masu motsa injin, tare da takardar bayani wadda ta ƙare daidai inda aka ɗaure noti na ƙarshe, alhali kuwa daga nan ne ainihin wahalar take farawa.

Babu inda aka gaya wa mai saye cewa aikin hawa uku ne. Sai an zana abin da ake so, sannan wata manhaja ta mayar da zanen umarnin G-code, wato harshen da injin ke fahimta, sannan wata kuma, irin su Candle ko Universal Gcode Sender, ta tura umarnin ta wayar USB zuwa allon injin, wanda wata manhaja da ke cikinsa mai suna GRBL ke tafiyarwa. Kafin ma kwamfuta ta ga injin, sai an sa mata direban CH340, wato 'yar manhajar da ke haɗa ta da allon, an kuma daidaita saurin sadarwa a kan 115200. Duk wannan bai fi shafi guda ba, amma wanda ya karɓi kuɗina bai ga dalilin rubuta shi ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne saitin matakai. A cikin GRBL, lambobin $100 da $101 da $102 su ne ke faɗin yawan matakan da kowace mota za ta yi kafin bakin injin ya matsa milimita ɗaya. Ga sandar zare, wato sandar da motar ke juyawa domin matsar da bakin, mai tafiyar milimita 4 a kowane juyi, galibi 800 ake sa wa, idan kuwa mai milimita 2 ce, sai 1600. Nawa ya zo da sanda wata iri, saitinsa kuma na wata iri dabam, don haka duk abin da na yanka sai ya fito rabin girmansa, katako mai tsada ya tafi a banza. Wane irin ciniki ne za a turo kaya ba tare da an gwada ko da layi ɗaya ba?

Batun manhajar kyauta kuma wani tarko ne. A shekarar 2020 wani babban kamfanin Amurka mai manhajar zane ya sanar da rage wa masu lasisin kyauta dama, ya cire saurin tafiyar da bakin injin ke yi tsakanin yanka da yanka, ya taƙaita zanen da ake iya gyarawa a lokaci guda zuwa 10, bayan mutane sun ɓata watanni suna koyon manhajarsa. Wasu manhajojin ba sa buɗewa sai da intanet, wasu kuma kuɗin shekara suke nema da dala, abin da ya fi ƙarfin wanda ba sana'a ya mayar da injin ba. Manhajar zane ta FreeCAD kyauta ce ta gaskiya, ita nake amfani da ita yanzu, sai dai koyonta yana cin lokaci ƙwarai.

Ga kuma matsalar wuta. Injin ya zo ba shi da makunnan iyaka, waɗanda ke taimaka masa ya gano mafarinsa, saboda haka da zarar an ɗauke wuta ana tsakiyar aiki sai ya manta inda ya faro, kuma da wuya a sake dacewa da wurin daidai. Da na kai kuka ga mai sayarwar, amsar da ya ba ni ita ce in je in kalli bidiyo a intanet. Kuɗin injin cikakke na biya, don haka haƙƙina ne a ba ni saitinsa a rubuce, da sunan manhajar da aka gwada shi da ita, da makunnan da ba su kai kuɗin katakon da na yi asara ba.