Kuɗin Band A, wutar Band D

Tun Afrilun 2024 da hukumar kula da wutar lantarki ta Najeriya, NERC, ta ɗaga kuɗin wutar Band A (rukunin kwastomomin da aka yi wa alkawarin wuta mafi yawa) daga wajen naira 68 zuwa 225 a kowane yunit, sharaɗin a bayyane yake: a ba su wuta aƙalla awa 20 a rana. Band B awa 16, C awa 12, D awa 8.

To, lissafa. Dubu goma da a da take sayen yunit kusan 147, a farashin 225 na Afrilun 2024 yunit 44 ta koma ba ka, kafin ma a cire harajin VAT. Mai firji da fanka biyu, ina za ta kai shi?

Abin haushin shi ne, a kan fida, wato babban layin da ke kai wuta taransifomomin unguwanni, ake ƙidaya awannin, ba a gidanka ba. Taransifomar unguwa ta ƙone ko fis ya tsinke, ku kwana uku a duhu, amma a takarda layinku ya cika awa 20. Sannan a bi gida-gida karɓar kuɗin gyara, alhali taransifomar ta kamfani ce! Wanda ba shi da mita kuwa, kintace kawai ake masa, wutar ta zo ko ba ta zo ba. Haba jama'a.