Raggon Layya

Kara ta Bukuru, ana daf da Babbar Sallah. Baffa ya rataye kwalin taliya a jikin turke, an rubuta da gawayi: "ANA SAIDA RAGGO MAI KIBA".

ƊAN BOKO: Baffa, wa ya yi maka wannan ɓarnar?

BAFFA: Jikana. Yana aji uku.

ƊAN BOKO: Ai raggo ya rubuta, malalaci ke nan. Ƙiba ma ya cinye mata lanƙwasa. Wanda ya kasa kula da harafi, ina zai kula da dabba?

BAFFA: Yaron bai yi ƙarya ba. Daga cin harawa da dusa sai kwanciya. Ka taɓa ganin mai ƙwazo ya yi wannan gadon baya?

DILLALI: Yallaɓai, rabu da tsoho, zo ka ga na 'yan birni. Ga allonsu can na inji, har da shafin Facebook.

ƊAN BOKO: Yauwa! Ko waƙafi bai ɓata ba. "Balami na asali, ɗan shekara 2."

BAFFA: Balami da rabin jiki baƙi? Balami fari ne fat. Wannan Uda ne. Buɗe bakinsa ka gani.

ƊAN BOKO: Ni ba likitan haƙori ba ne.

BAFFA: Duk na nono ne, bai karya ko ɗaya ba. Ɗan shekara biyu sai ka ga manya huɗu a gaba. Wannan tumbin kuwa gishiri ne da ruwa. Kafin ka kai unguwar Rayfield ya fitsarar da kuɗinka.

DILLALI: Haba Baffa, abinci muke nema fa!

ƊAN BOKO: To naka an yi masa rigakafi? Ina takarda?

BAFFA: Allurar cibiyar binciken dabbobi ta Vom aka yi masa. Takardar kuwa shi ya cinye, tana ciki.

Ɗan Boko ya damƙi gadon bayan ragon, hannunsa ya kasa rufewa.

ƊAN BOKO: Nawa?

BAFFA: Dubu 300. Amma tukuna gyara mini allon, kada wani ɗan bokon ya sake tare ni.

Ya zaro biro, ya soke "g" ɗaya, ya lanƙwasa "k".

ƊAN BOKO: Shi ke nan. Kawo lambar asusu in tura.

BAFFA: Tura dubu 350.

ƊAN BOKO: Yanzu fa ka ce 300!

BAFFA: Wancan kuɗin raggo ne, ɗana. Da hannunka ka mai da shi rago.