Oscar huɗu ba su rufe bakin Jamusawa ba

Fim ɗin yaƙin nan na Jamus da Netflix ta saki a 2022, All Quiet on the Western Front, wanda ke ba da labarin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya kwashe lambobin yabo na Oscar huɗu a Amurka da na BAFTA bakwai a Ingila. Amma a gida, masu sharhin fina-finai da dama a jaridun Jamus kaca-kaca suka yi masa. Ni dai ina bayansu.

Aiki kam an yi. Taɓo, yunwa, yaro ɗan makaranta yana bin gawarwaki yana tattara lambobin wuyansu, duk darakta Edward Berger ya nuna su har tsigar jiki ta tashi. Inda gizo ke saƙar shi ne abin da ya cire da wanda ya cusa. A littafin marubuci Remarque na 1929, wanda daga shi aka ɗauko fim ɗin, tauraron labarin soja Paul ya samu hutu ya koma garinsu, ya tarar da manya sun baje a mashaya suna koya masa yadda za a ci Faransa, mutanen da ko ƙaurin albarushi ba su shaƙa ba. Berger ya watsar da wannan gaba ɗaya. Sai ya ƙirƙiro wani janar mai taurin kai da ya tura yara farmaki ana saura mintoci a tsagaita wuta, ranar 11 ga Nuwamba 1918. Ka ga laifi ya tashi daga kan masu zuga na cikin gari, ya koma kan mugu guda. Mai kallo ya tsine wa janar, ya kashe talabijin, ya yi barcinsa.

Alhali a littafin, Paul a watan Oktoba ya mutu, ranar da rahoton soja ya ce babu wani sabon labari.

Fim ɗin wannan littafi na 1930 da Lewis Milestone ya shirya a Amurka bai kauce ba. Paul ya koma ajinsu ya faɗi gaskiya, ɗalibai suka kira shi matsoraci. Wannan fim ya sosa wa wasu inda ke musu ƙaiƙayi: a Disamba 1930 Goebbels, jagoran farfagandar jam'iyyar Hitler, ya kai 'yan Nazi silima a Berlin, suka saki fararen ɓeraye, suka tarwatsa kallo. Lokacin fa ba su hau mulki ba. Duk da haka cikin mako guda hukumar tace fina-finai ta haramta shi, wai yana zubar da mutuncin Jamus a idon duniya.