Ƙwayar cutar da ta gagari magani tana kwana a hanjin majinyaci

A watan Yunin 2011 aka kai wata mata daga New York zuwa babban asibitin bincike na gwamnatin Amurka da ke Bethesda. Likitoci sun san tana ɗauke da ƙwayar Klebsiella mai gagarar magani, don haka suka keɓe ta, ba mai shiga wurinta sai da riga da safar hannu. Ta samu sauƙi aka sallame ta. Bayan kimanin makonni uku sai ga ƙwayar a jikin wani majinyaci. Kafin a shawo kan lamarin ta shafi mutum 18, 11 suka rasu, shida daga cikinsu ita ce ajalinsu kai tsaye.

Da masana suka karanta rubutun halittar ƙwayoyin, wanda ya haura haruffa miliyan 5, suka kwatanta na wannan da na wancan, sai suka ga duk tsatso ɗaya ne, daga matar nan. Ƙananan sauye-sauyen da ƙwayar ke yi yayin hayayyafa su suka zama sawun da aka bi. Sawun ya nuna cewa akwai majinyatan da ta zauna a hanjinsu shiru, ba zazzaɓi ba komai, kuma ta kansu ta riƙa tsallakawa. An same ta har a magudanar wurin wanke hannu, sai da aka tumɓuke bututun.

Klebsiella da E. coli ’yan gida ne a hanjin ɗan Adam, galibi ba sa cutar da mai lafiya. A asibiti, sau da yawa sai an sa wa mutum robar fitsari, ko an yi masa tiyata, ko kanula ta daɗe a hannunsa, sannan su samu ƙofa zuwa jini ko huhu. Abin tsoron shi ne yadda suke koyon taurin kai. Ban da gadon da ƙwaya ke bar wa ’ya’yanta, akwai wasu ƙananan zobba na DNA da ake kira filasmid, waɗanda ƙwaya ke miƙa wa maƙwabciyarta ko da ba jinsinsu ɗaya ba. Zobe guda kan ɗauki makarin magunguna da yawa. Haka wani makari mai suna NDM-1 ya yaɗu. An fara gano shi a 2008 a jikin wani mutum a Suwidin da ya yi jinya a New Delhi, cikin ’yan shekaru ya kai nahiyoyi da dama, yana karya kabapenem, maganin da ake ajiyewa don ranar da sauran suka gaza. A 2015 kuma aka ba da rahoton wani makarin mai suna mcr-1 a ƙasar Sin, a jikin aladu da mutane, mai dakushe kolistin, wanda shi ne na bayan wancan.

Manomi zai fi kowa gane yadda asibiti ke renon irin wannan ƙwaya. Duk allurar antibayotik da aka yi wa majinyaci tana share ƙwayoyin hanjinsa masu amfani, ta bar mai taurin kai ita kaɗai a fili, kamar gonar da aka nome tas aka bar ƙuduji.

Kada mu ɗauka labarin Turawa ne. Binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa gagarar magani ta kashe mutum miliyan 1.27 a 2019, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi ko’ina yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama’a. Binciken BARNARDS, wanda ya haɗa da asibitoci a Kano da Abuja, ya samu irin waɗannan makarai a hanjin jarirai sabbin haihuwa.

Na yi jinyar ɗan’uwana kwana tara a wani asibiti. Famfon ɗakin ba ya kawo ruwa sai da asuba. Buta ɗaya ke zagaya gadaje huɗu. Wani dattijo mai jinyar ɗansa, mutumin kirki, shi ke taimaka wa kowa, ya zubar da fo na wannan, ya gyara wa wancan kwanciya, ya ɗauko wa namu kofi. Ma’aikaciyar jinya ɗaya ce a kan gadaje sama da ashirin da dare, ta gama da wannan kanula ta wuce waccan, robar man goge hannun da ke kan teburinta kuwa ta ƙare tun shekaranjiya. Ban ga laifin ko ɗayansu ba. Amma duk wanda ya san labarin Bethesda zai ga hanyar da ƙwayar ke bi a ɗakin nan.

Shi ya sa nake ganin masu jiran kamfanonin waje su ƙirƙiro sabon magani sun kama reshe sun bar tushe. Sabon magani idan ya zo tsada zai yi, kuma a ɗaki irin wancan ba zai daɗe ba zai bi sahun na baya. Kuɗin da gwamnatocin jihohi ke zubawa a sabbin gine-gine da fenti, a fara kai wani kaso ga ruwan famfo na dare da rana, da sabulu, da ƙarin ma’aikatan jinya, da ɗakin gwaji da zai iya shuka jini, wato renon ƙwayar da ke cikinsa, ya faɗi maganin da zai yi aiki.

Likita zai ce sakamakon shuka jini yana ɗaukar kwana biyu zuwa uku, jariri mai zafin jiki kuwa ba zai jira ba. Gaskiyarsa. A fara magani nan take, amma a ɗebi jinin kafin allurar farko, don idan sakamako ya fito a sauya ko a rage. Abin da ba shi da hujja shi ne a mayar da allurar antibayotik ta seftiriyazon maganin kowane zazzaɓi, har mai kemis a unguwa ya riƙa yi wa mutane ita ba tare da takardar likita ba. Kowane babban asibiti kuma ya kamata ya riƙa tara sakamakon gwajinsa yana sanar da likitocinsa duk shekara waɗanne magunguna ne suka daina ci a ɗakunansa, kuma ya gwada majinyacin da aka turo daga wani asibiti kafin a kwantar da shi kusa da wanda aka yi wa tiyata jiya.